Kaluluwar da ta ƙi sauka: gashi magani ne ko alamar an sallama majinyaci?

Yayar Majinyaci:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana da ta waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan ciwo. Ƙanena ɗan shekara 24 ya yi kusan wata takwas da kaluluwa a gefen wuyansa na hagu, ba ta yi masa zafi, kuma ta ƙi sauka. A wani ƙaramin asibiti aka ce tarin fuka ne ya shiga kaluluwar, aka ɗora shi a kan maganin tibi, ya sha har wata huɗu, amma maimakon kumburin ya ragu sai wani ya sake fitowa a ƙasan na farko. Daga nan aka tura mu asibitin koyarwa, aka cire kaluluwa ɗaya aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna limfoma ce nau'in Hodgkin, hoton siti mai nuna cikin jiki kuma ya nuna akwai wani kumburin a tsakiyar ƙirjinsa. A takardarsa an rubuta IIA. Likita ya ce za a yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, zagaye huɗu, sannan gashi, wato haska wurin ciwon da injin haske, na mako uku. Kemo dai kowa ya amince, amma maganar gashin ta raba kan gidanmu, domin kawunmu ya dage cewa duk wanda aka kai injin gashi, likitoci sun riga sun sallama shi ne. Mahaifiyarmu tun jiya ba ta ci abinci ba. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ƙanenki lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, maganar kawunki ita ce a raina shekara da shekaru, domin na gani da idona. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, wani baƙin tabo ne ya fito mata a tafin ƙafa, muka ɗauka kaushi ne ko ƙaya ta taka, muka yi ta shafa magani har wurin ya fashe ya zama gyambo. Lokacin da muka je babban asibiti an ce ciwon ya riga ya hau kaluluwar matsematsinta, ya kuma shiga ƙashin bayanta. Aka yi mata gashi kwana biyar, bayan wata biyu ta rasu. Tun daga ranar ban ƙara jin kalmar gashi ba sai gabana ya faɗi. Ban ce ku ƙi ba, amma ku yi tambaya sosai kafin ku sa hannu.

Likitan Gashi:
Baba, Allah ya jiƙan Hajiya da rahama, ya ba ka ladan jinyar da ka yi. Aikina ke nan kullum, don haka bari in raba waɗannan labarai biyu, domin ciwon Hajiya da na wannan matashi ba iri ɗaya ba ne, kuma gashin da aka yi mata da wanda ake shirin yi masa ba manufa ɗaya gare su ba.

Hajiya mai tambaya, mu fara da takardar ƙanenki. Limfoma kansa ce ta fararen ƙwayoyin jini masu zama a cikin kaluluwa da saifa da ɓargo, kuma an kasa ta gida biyu manya. Akwai ta Hodgkin, wadda ta samo sunanta daga likitan Landan Thomas Hodgkin da ya bayyana ta a 1832, ana kuma gane ta da wasu manyan ƙwayoyi da ake gani a madubin gwaji masu suna Reed-Sternberg. Sai kuma duk sauran, waɗanda ake kira limfomar da ba ta Hodgkin ba, su kuma iri-iri ne masu yawa, wasu na tafiyar hawainiya har mutum ya yi shekaru da su, wasu kuma na gudu cikin makonni. Ta Hodgkin ta fi kama matasa irin ƙanenki, tana kuma cikin kansar da aka fi samun nasarar warkarwa.

Lambar da kika gani kuwa ta fito ne daga tsarin da aka yi a garin Ann Arbor na Amurka a 1971, aka sabunta shi a Lugano a 2014. Ma'aunin shi ne tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki. Idan rukunin kaluluwa ɗaya ne ya kamu, mataki na I ke nan. Idan rukuni biyu ne ko fiye amma duk suna gefe ɗaya na tantanin, kamar wuya da ƙirji, mataki na II ne, kuma nan ƙanenki yake. Idan ciwon ya kama sama da ƙasa, misali wuya da saifa, ya zama na III, idan kuma ya bazu cikin hanta ko ɓargo ko huhu, shi ne na IV. Harafin A yana nufin ba shi da alamomi uku da muke tambaya: zazzaɓin da ya haura digiri 38 ba tare da wani dalili ba, zufar dare mai jiƙa tufafi da zanen gado, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a cikin wata shida. Mai ɗaya daga cikinsu B ake rubuta masa. Saboda haka IIA mataki ne na farko-farko, kuma a manyan binciken da aka yi a Turai, fiye da tara cikin goma na masu irin wannan mataki suna warkewa idan an haɗa musu kemo da gashi. Gashin da aka rubuta masa na neman warkewa ne.

Na marigayiya Hajiya, bisa ga bayanin Baba, wata kansar fata ce mai suna melanoma da ta riga ta kai ƙashi. A wannan hali ana yin gashi na kwana biyar, ko ma na rana ɗaya, domin a rage raɗaɗi, a kuma hana ciwon danne jijiyar laka ya shanye ƙafafu. Ciwon ne ya yi ajalinta da ikon Allah, gashin kuwa an yi shi ne don ta samu sauƙi a kwanakin da suka rage.

Dattijon Zaure:
Likita, na gode, kuma gaskiya ne bayan gashin ta samu barci, ta daina kukan bayan da take yi da dare. Amma ka ga wannan bayanin da ka yi yanzu, babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini shi a lokacin. Na sayar da gona ina zaton warkewa muke nema. Da an gaya mini gaskiya da na shirya zuciyata, da kuma ban yi shekaru ina tsorata mutane da abin da ban fahimta ba. Ina ganin laifin ba na irin su kawun yarinyar nan ba ne kaɗai.

Likitan Gashi:
Ban musa ba, Baba. Hakkin majinyaci ne da danginsa a gaya musu a fili ko gashin na warkarwa ne ko na rage raɗaɗi, kuma mu ma'aikata muna gazawa a nan, wani lokaci saboda cunkoso, wani lokaci saboda nauyin baki. Akwai kuma wani dalili da ya sa mutane suke haɗa gashi da mutuwa, wato yawancin majinyatanmu sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke isowa, shi ya sa abin da jama'a suka fi gani shi ne gashin ƙarshe.

Ɗan Damagaram:
Ni tambayata a kan yankan da aka yi wa yaron ce. Mun taso muna jin manya suna cewa daji ba ya son ƙarfe, idan allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Shin cire kaluluwar nan ba zai sa ciwon ya yaɗu ba? Sannan a nan Nijar sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, daga Damagaram kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce. Mutum kafin ya ɗauki majinyaci ya yi wannan tafiya yana bukatar ya tabbata akwai amfani.

Malamar Jinya:
Malam, na daɗe ina aiki a ɗakin yara, kuma wannan magana ta ƙarfe ta ci rayukan da ba zan iya ƙirgawa ba. Abin da yake faruwa shi ne, ana kawo majinyaci ne bayan ciwo ya riga ya yi nisa, a ɗebi nama a gwada, ciwon ya ci gaba da tafiyar da dama yake yi, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Sakiyar da ake yi wa kumburi a gida ita ce abin tsoro, domin tana buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, tana kuma cinye lokaci. In ba a duba naman a madubi ba, babu likitan da zai iya rantsuwa cewa kaluluwar tarin fuka ce ko ta limfoma, kun dai ji yadda wannan matashi ya yi wata huɗu yana shan maganin ciwon da ba shi da shi. Shi ya sa ma aka fi son a cire kaluluwar sukutum maimakon a tsotso ruwanta da allura, don mai gwaji ya ga yadda tsarinta yake.

Ina kuma so in ja hankalin iyaye ga limfomar Burkitt, domin ta yankinmu ce. Likitan tiyata Denis Burkitt ne ya bayyana ta a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta ƙasar Yuganda, daga baya aka gano tana bin wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana kuma da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964. Yaro zai wayi gari da kumburin kumatu ko na ciki, haƙoransa su fara girgiɗi, sai a kai shi wurin mai cire haƙori. Ciwon yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma yana narkewa da kemo cikin sauri idan an zo da wuri, har uwa ta ga fuskar ɗanta ta dawo daidai a cikin mako biyu. Matsalarmu ita ce da zarar kumburin ya sauka sai a gudu da yaro gida ba a kammala zagayen ba, ya dawo bayan wata uku ciwon ya fi na da. Wannan nau'i ba a dogara da gashi wajen maganinsa, don haka ba kowace limfoma ce ake kai wa injin ba.

Likitan Gashi:
Haka yake, Sista. Nau'in ciwo da matakinsa su ne suke yanke hukunci. Ana auna gashi da ma'aunin da ake kira Gray, kuma limfoma tana cikin kansar da ta fi jin haske, don haka kaɗan take bukata. Mai Hodgkin ta farko-farko wadda ba ta da alamun haɗari, binciken Jamus da aka wallafa a 2010 ya nuna kemo zagaye biyu da Gray 20 sun wadatar. Wanda yake da babban kumburi a ƙirji ko rukunin kaluluwa da yawa, ana ba shi zagaye huɗu da Gray 30, wato Gray 2 a kowace rana, Litinin zuwa Juma'a, har zama 15, kuma ga alama wannan aka tsara wa ƙanen mai tambaya. Limfomar folikula mai tafiyar hawainiya, idan tana wuri ɗaya, Gray 24 ake ba ta, kuma don rage kumburi kawai Gray 4 a zama biyu yakan yi aiki. Nau'in limfomar da ya fi yawa a manya, mai manyan ƙwayoyin B, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, kemo ne ginshiƙinsa, gashi yana zuwa ne a matsayin ƙari a inda kumburin ya yi girma.

Tarihin abin ma yana da amfani a nan. Likita Vera Peters ta birnin Toronto ce ta nuna a 1950 cewa ana iya warkar da Hodgkin ta farko-farko da gashi, a lokacin da ake ɗaukar ciwon a matsayin ajali. A wancan zamani ana haska wuya da hammata da ƙirji gaba ɗaya da haske mai yawa, mutane suka warke, amma bayan shekara ashirin wasu suka zo da ciwon zuciya ko wata sabuwar kansa, musamman kansar nono ga matan da aka yi wa gashin ƙirji suna ƙuruciya. Wannan darasi ne ya sa yanzu ake takaita hasken ga wurin da ciwon ya taɓa kawai, a kuma rage yawansa.

Malamin Firamare:
Ni zabiya ne, kuma na kwanta a ƙarƙashin injin nan sau 30, don haka ina da ta cewa. Tun ina yaro nake zuwa gona babu hula mai faɗi babu man kariya daga rana, domin babu wanda ya san amfaninsu a garinmu. Ina da shekara 31 wani ɓawo mai kaushi ya fito a saman kunnena na dama, in na ɓamɓare shi ya dawo, har ya zama miki mai zubar da jini wanda ya kai faɗin santimita uku. Gwaji ya nuna kansar fata ce nau'in sikwamas. Aka yi mini tiyata aka yanke wani sashe na kunnen, amma mai gwaji ya ce akwai sauran ciwo a bakin yankan, shi ne aka tura ni gashi na mako shida.

'Yar'uwa, ki gaya wa Mama cewa babu wuta a cikin injin nan. Sunan da muka ba shi ne yake tsorata mutane, suna zaton za a gasa mutum kamar tsire. Za ka kwanta, a sa maka wani abin rufe fuska da aka ƙera daidai kanka don kada ka motsa, injin ya zagaya yana ƙara, cikin 'yan mintoci an gama, ba ka jin komai. Daga mako na uku ne fatar wurin ta yi ja, ta fara saɓa, sumar gefen kunnen ta zube, ga kasala mai yawa. Bayan an gama da kamar wata ɗaya fatar ta warke. Yau shekara shida ke nan ina aji ina koyarwa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne injin ya lalace ana tsakiyar aiki, muka yi kwana tara muna jira, ga kuɗin masauki da na abinci a garin da ba ni da kowa.

Likitan Gashi:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tsaikon da ka ambata ba ƙaramin abu ba ne, domin kansar sikwamas tana sake hayayyafa a ranakun da aka tsaya, shi ya sa muke ƙoƙarin rama zaman da aka rasa. Duk wanda zai fara gashi ya tambaya tun farko ina za a tura shi idan injin ya tsaya. A arewacin Najeriya asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato suna da sashen gashi, haka ma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, amma a riƙa yin waya a tabbatar ana aiki kafin a kama hanya.

Kansar fata manyanta uku ne. Ta basal ita ce ta fi yawa a tsakanin Turawa, tana cin wurin da take a hankali, da wuya ta yi ƙaura. Ta sikwamas tana iya hawa kaluluwa, kuma ita muka fi gani a nan ta hanyoyi biyu: a kai da wuya da kunnen zabiya saboda rana, sai kuma a tsohon gyambo ko tabon ƙuna na baƙar fata, inda mikin da ya yi shekaru bai warke ba yake rikiɗa, bakinsa ya yi tudu ya juye waje. Ta uku ita ce melanoma, wadda a baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, irin wadda ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan ta fara daga ɗan yatsan ƙafarsa.

Matakansu ba irin na limfoma ba ne. Ana duba abu uku: girman ciwon, ko ya hau kaluluwa, da ko ya yi ƙaura zuwa wata gaɓa mai nisa. A sikwamas, wanda bai wuce santimita 2 ba shi ne T1, daga nan zuwa santimita 4 T2, irin na Malam ke nan, wanda ya wuce haka ko ya nutse sosai T3, wanda ya ci ƙashi T4. Melanoma kuwa zurfinta ake aunawa da milimita bisa tsarin da Alexander Breslow ya kawo a 1970, inda milimita 1 ko ƙasa da haka yake T1, abin da ya haura milimita 4 kuma T4. Tabon da bai kai ƙwayar wake ba yana iya zama mai haɗari idan ya yi zurfi. Tiyata ce maganin farko a dukkansu. Gashi yana shigowa ne idan yanka zai ɓata hanci ko fatar ido ko leɓe, ko majinyaci ya tsufa ba zai jure tiyata ba, ko an yi yankan an bar saura, kuma sikwamas tana bukatar Gray 60 zuwa 66, ninki biyu na abin da ake ba mai Hodgkin. Melanoma ba ta jin haske sosai, shi ya sa ba a dogara da gashi wajen warkar da ita.

Ɗalibin Kiwon Lafiya:
Ranka ya daɗe Likita, akwai inda limfoma da ciwon fata suke haɗuwa kuwa? Na taɓa ganin wani dattijo da aka yi shekaru ana yi wa maganin ƙyasbi da makero, daga baya aka ce kansa ce.

Likitan Gashi:
Akwai. Wata limfoma ta fararen ƙwayoyin jini da ake kira T tana zama a fata, tana farawa da faci-faci masu ƙaiƙayi, a baƙar fata sau da yawa wurin yakan yi haske fiye da sauran jiki, don haka ake rikita ta da cututtukan fata na yau da kullum. Tana jin gashi ƙwarai, kuma ana amfani da hasken ilektaron wanda yake tsayawa a kusa da saman fata ba ya ratsawa cikin jiki, har ana iya haska fatar mutum gaba ɗaya da shi. Injin gashi na zamani da ake kira linak ne yake ba da wannan haske, tsohon injin kobalt ba ya bayarwa. Akwai kuma ciwon Kaposi, mai fitar da ƙuraje masu duhu a ƙafa, wanda ya fi kama masu cutar ƙanjamau. Shi ba limfoma ba ne, maganin ƙanjamau ne tushen jinyarsa, amma zama ɗaya na Gray 8 yakan kwantar da ƙurjin da yake ciwo ko zubar da jini.

Yayar Majinyaci:
Na karanta wa Mama da Kawu duk abin da kuka rubuta. Kawu ya yi shiru a kan maganar Baba Dattijo, ya ce zai bi mu asibiti ranar Talata ya ji da kunnensa. Saura tambayoyi uku daga Mama. Yaron bai yi aure ba, shin zai haihu? Shin bayan an haska shi zai iya cin abinci kwano ɗaya da yara? Sannan tunda kemo yana narkar da kumburin, me zai hana a tsaya a nan?

Likitan Gashi:
Ki gaishe da Mama. Gashin wuya da ƙirji ba ya kaiwa ga 'ya'yan maraina, kuma haɗin kemo da aka saba ba masu Hodgkin, wanda ake kira ABVD, yana cikin waɗanda ba su cika hana haihuwa ba, sai dai a jinkirta neman ciki har zuwa lokacin da likitansa ya ƙayyade. Hasken kuma ba ya zama a jiki, da an kashe injin ya ƙare, don haka ya ci abinci da kowa, ya ɗauki jariri ma babu komai.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, kuma likitoci ma suna muhawara a kanta. A inda ake da hoton PET, wanda yake nuna ko ciwon yana da rai ko ya mutu, akan duba bayan zagaye biyu ko uku, idan ciwon ya mutu sarai wasu sukan bar gashin, duk da cewa bincike ya nuna ciwon ya fi ɗan yawan dawowa ga waɗanda aka bar musu shi. Injinan PET kaɗan ne a Najeriya kuma da tsada, hoton siti kuwa ba ya bambanta tabo da ciwo mai rai. Ga matashin da yake da kumburi a ƙirji kuma ba a yi masa PET ba, ni ina ganin a yi gashin, domin maganin limfomar da ta dawo ya fi wuya da tsada nesa ba kusa ba. Amma likitan da ya ga hotunansa shi ne zai yanke, ku tambaye shi girman kumburin ƙirjin da santimita, da yadda za a kare zuciya da huhu. Zai iya jin zafin haɗiya da bushewar baki a mako na biyu da na uku, sai a ba shi kunu da abinci mai laushi marar yaji. Bayan ya warke a riƙa gwada masa tairod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta yake kawo maƙoƙo, duk shekara, kuma kada ya kusanci taba sam, domin haɗuwarta da gashin ƙirji tana ƙara haɗarin kansar huhu.

Malamin Firamare:
Ƙari ɗaya daga wanda ya bi hanyar. Za a yi masa zane a fata don saita injin, kada ya goge shi wurin wanka, kada kuma a shafa wa wurin man zafi ko wani haɗi na gida sai abin da ma'aikatan suka amince da shi. Ya sa riga mai faɗin wuya ta auduga, ya kare wurin daga rana. Ku kuma nemi masauki kusa da asibitin tun kafin ranar farko, ku lissafa kuɗin mako huɗu maimakon uku.